Notin da Ba a Gasa Ba

Litinin, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da sauƙin jiki. An ce likitocin can sun yi maka aiki a zuciya, kuma yanzu kana takawa har bakin titi ka dawo ba tare da ka tsaya hutawa ba. Na yi murna da jin haka, ko da yake a bakin mai gadin shago na ji, ba a bakin 'ya'yanka ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Mu muna nan yadda ka bar mu, sai abin da tsufa ya ƙara. Gwiwoyina sun fara yi mini gardama, idon hagu kuma ya zama na ado. Yayarmu ta rage fita, amma bakinta bai rage komai ba. Matata, Mamansu Dogo, tana fama da hawan jini, tana shan magani in ta tuna. Autata ta gama karatun jinya, tana zaman jiran a kira ta aiki kamar yadda 'ya'yan kowa ke yi.

Ka dubi watan da na rubuta a sama. A irin wannan wata ne, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ka sa aka cicciɓi tanderun lantarkin da na kafa a kusurwar shagon walda na Baba aka fitar da shi waje, wai yana shan wuta a banza. Ba fitarwar ce ta tsaya mini a rai ba, maganar da ka yi ce. Kana tsaye a bakin ƙofa da sifana a aljihun baya, ma'aikata sun kewaye mu, ka ce kai tun da uwarmu ta haife ka ba ka taɓa ganin inda ake gasa ƙarfe kamar burodi ba, in kuma Yaya sha'awar gashi yake yi to ga tanderu nan kyauta, ya je ya buɗe gidan burodi, kai ne mai saye na farko. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar sunana ya koma Mai Burodi. Masu kirana haka yanzu wasunsu ba a ma haife su ba a lokacin, ba su san asalin sunan ba. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tare ni a hanya ya tambaye ni da gaske a wace unguwa gidan burodin nawa yake. Na daɗe ina jiran ranar da za ta nuna wa ke da gaskiya tsakanina da kai. Ga ta ta zo. Da na san irin kayan da za ta zo da shi, wallahi da na zaɓi in mutu ina Mai Burodi, kai kana mai gaskiya.

Amma ba don tone-tone na ɗauki biro ba. Abu ɗaya nake nema a wurinka, kuma gara in faɗe shi tun yanzu kafin ka gaji da rubutuna ka ajiye. Akwai matakalar ƙarfe da shagonku ya kafa a wata makarantar yara mai hawa uku, a bayan tashar mota. Notin da ke riƙe da ita a jikin bango 'yan'uwan waɗanda suka tsinke ne a kamfanin madara, inda tanki ya faɗo wa ɗana Dogo. A roba ɗaya aka wanke su, a rana ɗaya. Ina so ka kira ɗanka Manaja ka ce masa ya rufe matakalar ya canza su duka. Na faɗa masa bai ji ba. Yayarmu ta faɗa masa bai ji ba. Muryarka kaɗai yake miƙewa tsaye in ya ji, ko da a waya ce. Na zaɓi takarda ne don na san halinmu: in na kira ka, kafin mu gama gaisuwa mun shiga musu, kai ka ɗaga murya, ni in kashe waya. Autata za ta ɗauki hoton shafukan ta turo maka kai tsaye. Ka karanta a zaune, kuma ka daure ka kai ƙarshe.

Ka bar ni in yi maka bayanin da ka ƙi tsayawa ka ji a wancan lokaci. Zan yi shi ba Turanci, tunda ka ce Turancina ne ke sa maka ciwon kai. Ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda kuke kira sitenles, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai laushi, wanda kuke yin teburan kicin da tankuna da shi. Maganaɗisu ba ya kama shi sosai, in kuma ka matsa masa lanƙwashewa yake yi. Akwai kuma wanda ake ƙonawa a wuta a tsoma a mai don ya yi tauri, irin na wuƙa da sifirin da notin ɗaukar nauyi. Shi maganaɗisu manne masa yake yi. Wannan na biyun baƙi yake fitowa daga wuta, da ɓawo a jikinsa, shi ya sa ake tsoma shi a asid ya cinye ɓawon ya fito fes. To ka tuna 'yan kumfan nan da ke tasowa daga jikin ƙarfe in yana cikin asid, waɗanda Baba yake cewa ƙarfe ne ke numfashi? Wata iska ce ana kiranta haidurojin. Wadda ka ga ta taso sama ba ruwanmu da ita, ta tafi abinta. Wadda ba ta taso ba ita ce masifar. A duk abin da Allah ya halitta babu ƙwayar da ta kai tata ƙanƙanta, saboda haka ƙarfen da kai kake gani a toshe, ita ratsa shi take yi kamar yadda yashi ke ratsa kwandon lemo. Ta shiga ta zauna tsakanin ƙwayoyinsa, ba ta sauya masa launi, ba ta rage masa nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi ma ƙarar lafiyayye zai yi maka.

Muddin notin yana cikin kwali ba abin da zai faru. Sai ranar da aka ɗaure shi aka ɗora masa kaya. Daga nan iskar za ta fara tafiya sannu a hankali a cikin ƙarfen, tana neman inda ya fi shan wahala, wato ƙarƙashin kan notin da gindin haƙoransa, ta taru a can. Inda ta taru, ƙwayoyin ƙarfen sai su sassauta riƙon da suka yi wa juna. Wata 'yar tsaga ta buɗe wadda ido ba ya gani, iskar ta matsa zuwa bakin tsagar ta sake taruwa, tsagar ta ƙara tsawo. Haka za a yi ta yi, ko makonni ko watanni, ba mahalukin da zai iya ce maka ga ranar. Lafiyayyen ƙarfe in kaya ya fi ƙarfinsa yana ba da sanarwa: ya miƙe, ya rame a tsakiya, ya lanƙwashe, mai ido ya gani ya kauce. Wanda haidurojin ta shiga ba ya sallama. Da safe yana nan yana walƙiya, da rana ya ɓalle kamar an karya alli. Maganin kuwa ba wani abin wahala ba ne. Da an tsamo shi daga asid, kafin ya kwana, a sa shi a tanderu a bar shi ya wuni, iskar ta fita ta inda ta shiga. Zafin da ake bukata bai wuce na gasa burodi ba. Ka ga ashe ko a nan ba ka yi ƙarya ba. Aikin tanderun nan ke nan, ba shi da wani.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa a bayan idona: shekara nawa kuna aiki ba tanderu, wa ya mutu? Gaskiya ne. Dalili shi ne bayan na daina taka shagon kun bar yin ƙugiyoyin ɗakin sanyi da sifirin irin na zamanin Baba, kun koma tebura da tagogi da tankunan ruwa, duk da mai laushi, shi kuwa ko ya sha iskar yana iya haƙuri da ita. Sa'a ce ta raka ku kuka ɗauka iyawa ce. Sai ga Manaja ya fara karɓar manyan ayyuka. Bara ya ga notin da ake sayowa daga waje ba ya zuwa a kan lokaci, ya ce me zai hana a yanka a gida, ga inji ga ma'aikata. Ya sayo sandunan mai tauri, aka yanka, aka kai wa masu wuta suka ƙona, kaya suka dawo baƙi ƙirin. Ka san ɗanka da son ƙyalli, motarsa ma safe da yamma ake wanke ta. Ya ce mai kwangila ba zai yarda sitenles ne ba sai ya ga fuskarsa a jiki. Asid ɗin shagon ya tsufa ya yi sanyi, don haka da aka zuba su da yamma sai aka ce a bar su su jiƙa sosai. Abin da 'yan mintoci suka isa, suka kwana a ciki har hantsi. Da aka kwashe su an ce har hoto ya ɗauka ya sa a tallan shago.

Rabi aka kai kamfanin madara, inda aka rataye babban tanki a jikin ginshiƙai, rabi aka kai makarantar. Dogo ne ya jagoranci aikin duka biyun. Shi kwali kawai aka miƙa masa, ya buɗe ya ga kaya suna ɗaukar ido, ya ɗaure su tamau yadda ka koya masa. Ka san ba ya barin noti da sauran juyi. Watanni suka wuce lafiya. Kwanan baya kamfanin suka kira a zo a ƙara musu bututu a ƙarƙashin tankin. Da hantsi ne, tankin cike, Dogo yana kwance a ƙasa ya miƙa hannu yana haɗa bututun. Abokin aikinsa ya ce mini ya ji ƙara kamar an jefi kwanon rufi da dutse, sai kuma wata, kafin ya buɗe baki ya ce Dogo fito, gefe ɗaya na tankin ya sauko. Sai da aka nemo jak na manyan motoci kafin aka zaro shi. Ya ce madara ta malale har bakin ƙofa, fara fat, sai daga inda Dogo yake kwance ta fara sauya launi. Mutumin yana ba ni labarin yana kuka, gardi guda mai gemu, ni ne ma na koma ba shi haƙuri.

Washegari daga asibiti na wuce kamfanin. Mai gadi ya hana ni shiga, sai da na ce ni ne uban wanda abin ya faɗa wa. Na tsuguna ina lalube a magudanar ruwa kamar mai neman allura, na samo kawunan noti uku. Na kawo su gida na zauna a bakin taga da gilashin ƙara girma, wanda na fito da shi daga ɗakin gwaje-gwajenmu ranar da aka rufe masana'antar ƙarfen da na yi wa aiki. Ba tsatsa, ba lanƙwasa, ba alamar an ci zalinsu da sifana. Wurin karayar a miƙe yake kamar an yanka, fuskarsa ƙwaya-ƙwaya tana ƙyalli kamar an barbaɗa sukari. Na fara ganin irin wannan fuska a littafi ina saurayi, na gan ta a madubin gwaji ba iyaka, na koya wa 'yan koyon aiki yadda za su gane ta. Ban taɓa zaton wata rana zan gan ta a ɗakina da busasshiyar madara a jikinta ba. Na ciro maganaɗisun da ke jikin ƙofar firij na kai, ya manne caf. Mamansu Dogo ta shigo ta same ni a haka, ta ce ɗana yana kwance a asibiti ni ina nan ina leƙen ƙarfe, wai wane irin mutum ne ni. Na tattara kawunan na zuba a aljihu.

Na je ofishin Manaja. Rabona da shagon tun ranar tanderu. Kusurwar da yake a da, yanzu firij ɗin lemo ne a wurin. Ba zan yi wa ɗanka ƙarya ba, ya tarbe ni da ladabi, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce Baffa ai da ka aiko na zo. Idanunsa sun yi ja, kuma na san kullum yana asibiti, shi da Dogo tare suka tashi. Na zube masa kawunan a tebur na yi masa wannan bayani da na yi maka. Yana ji yana juya makullin mota a yatsa. Da na gama ya ce shi a ganinsa kamfanin ne suka cika tankin fiye da ƙima, kuma lauyansa ya gargaɗe shi kada ya taɓa komai a makarantar yanzu, don in ya canza noti ko ɗaya tamkar ya amsa cewa laifin shago ne, sunan da kakansa da ubansa suka gina ya zube a rana ɗaya. Na ce masa ba sunan kakansa ne ke hawa matakalar ba, 'ya'yan mutane ne. Ya ce to don hankalin Baffa ya kwanta, gobe zai tura mutum biyu da babbar sifana su bi su ɗaya bayan ɗaya su ƙara ɗaurewa. Ƙanena, a nan ne na daki teburin. Ƙara ɗaure irin wannan noti daidai yake da ka ga igiya ta fara tsinkewa ka ƙara ja. Na rantse masa in ya tura su zan riga su zuwa in kwanta a ƙarƙashin matakalar. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baffa, ya sa direba ya mayar da ni gida, ya haɗo ni da katan ɗin lemo. Ina fita na ji wani cikin masu walda yana tambayar ɗan'uwansa ko Mai Burodi na safe ya kawo.

Ban zauna ba, na shiga motar haya na tafi makarantar da kaina. Na isa dab da lokacin da ake sakin yara su ci abinci. Matakalar a waje take, manne da bangon baya, kyakkyawa. Aikin Dogo ba ya ɓuya, waldarsa kamar ɗinkin tela. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko daga sama gaba ɗaya, wasu na tsallake taki bibbiyu, wasu na zamewa a kan mariƙin hannu, ƙarfen yana amsawa a ƙarƙashinsu. Na tsaya ina bin kawunan noti da idona ɗaya mai aiki. Tsakanin hawa na biyu da na uku na ga wuri ɗaya ba kai, sai gindin notin yana leƙowa daga ramin yana ƙyalli. Matar da ke shara ta ce ai kwanaki ta tsince shi cikin furanni, ta kai wa jikanta yana wasa da shi. Na nemi shugabar makarantar. Mace ce mai natsuwa, ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni daga wace hukuma nake, ina katin shaidata. Na ce ba ni da kati, masana'antar da ta taɓa ba ni kati an sayar da injinanta a kan sikeli. Ta kira Manaja a gabana, ta buɗe muryar wayar, ban sani ba ko da gangan. Na ji shi da kunnena yana ce mata ta yi haƙuri, baffansa ne, ɗansa ya yi hatsari abin ya taɓa shi, ga kuma shekaru, a lallaɓa shi ya koma gida. Noti ɗaya kuwa ba komai ba ne, an sa fiye da yadda ake bukata. Ta ba ni ruwan sanyi, ta raka ni har ƙofa tana yi mini magana a hankali yadda ake yi wa marar lafiya.

Na je ofishin masu duba gine-gine, aka ce in rubuto ƙorafi, mai karɓa kuma ya tafi taro. Na koma wurin Yayarmu. Ta kira Manaja ta wanke shi tas, ta ce a bayanta ya yi fitsari yana jariri, in bai ji maganar baffansa ba kada ta ga ƙafarsa ranar da za a ɗauki gawarta. Ya yi ta cewa to Gwaggo, in sha Allahu Gwaggo, sannan ya ƙara da cewa shagon na Babansa ne, Babansa kuma ya sha gaya masa cewa zancen gashin ƙarfe zancen littafi ne. Ka ji inda maganar ta maƙale. Ba lauya ne ya ɗaure shi ba, dariyar nan ce da ka yi a bakin ƙofa, ya gaje ta tare da injinan shago. Yaron yana cikin tsoro, na gani a idonsa, kuma ina jin a ransa ya san gaskiya. Amma ba zai iya gaskata ni ba sai ya ƙaryata ka, shi kuwa bai taɓa yi ba tunda ya fara magana. Kai kaɗai ne za ka iya sauke masa wannan kaya.

Ga abin da za ka ce masa, kada ka rage komai. A rufe matakalar yau, yara su bi ta cikin gini ko da layi za su yi. A tokare ta daga ƙasa da ginshiƙai kafin kowa ya kai sifana jikinta. A cire notin duka, har waɗanda suke kama da lafiyayyu, don ba a gane mai ciwon da ido. Kada ya ce zai gasa su yanzu ya mayar. Zafi yana fitar da iska, amma ba ya ɗinke tsagar da ta riga ta buɗe. A sa na mai laushi masu kauri, waɗanda maganaɗisu ba ya kamawa, ko da sai an faɗaɗa ramuka. In da saura a sito a kai wa masu narka ƙarfe, kada wani ya ga suna ƙyalli ya ɗauka. Ba sai ka ce Yaya ne ya faɗa ba. Ka ce wani injiniya ka tambaya a can, ko ka ce mafarki ka yi, duk ɗaya ne a wurina. Haƙurin da na daɗe ina jira ka ba ni, ka riƙe abinka, na daina nema. Kiran kawai nake so.

Kwanakin nan a kan bencin asibiti na yi tunani iri-iri. Na tuna ranar da sakamakon jarrabawata ya fito Baba ya rufe shago da rana tsaka, da ranar da zan tafi ka ɗauki akwatina a ka har tasha, kana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa yayanka zai je ya koyo yadda ake yin ƙarfe tun daga dutse. Na je na koyo. Na dawo na ba masana'anta ƙuruciyata, aka rufe ta, aka sallame mu da takardar yabo. Baba ya ba ka shago don hannunka ya fi nawa, kuma gaskiyarsa, ban taɓa musun wannan ba. Ni na san abin da ke karya ƙarfe, kai ka san yadda ake sa shi ya tsaya. Da an bar biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya da yanzu wani labarin ake yi. Sai muka ƙarar da shekarunmu muna gaisawa a gidan biki da gidan rasuwa kamar surukai. Dogo ma kai ya zaɓa. Tun yana ƙarami in na buɗe masa littafi sai hamma, in ya ji ƙarar injinka sai ya fita ko takalmi babu. Na ji haushi a lokacin, daga baya na ga aikinsa na daina ƙorafi. Abin da ke kaina kuwa ba wanda ya karɓa, tare za a binne mu, kuma rana ɗaya tak da gidanmu ya bukace shi ba wanda ya tuna ya tambaya.

Ka gaishe mini da maman Manaja. Na san ita ke tace labarin da ke isa kunnenka, kuma ban ga laifinta ba, mijinta take tsaro. Ka gaishe da 'yarka Likita da maigidanta da suke ɗawainiya da kai, Allah ya ba su masu yi musu, da jikokin da ban taɓa gani ba sai a hoto, musamman mai giɓin nan da aka ce ta kwaso goshin Baba. Yayarmu ta ce in gaya maka ka rage gishiri, ka kuma rage taurin kai, in ba za ka iya duka ba to ka bar gishirin. Mamansu Dogo tana gaisuwa, Autata ma haka. Matar Dogo da yaransa suna wurinmu yanzu, sun ce a gaishe da Kaka.

Dogo ma ya ce in gaishe ka. Na gaya masa zan rubuto, ya ce kada in tayar maka da hankali, in ce yana samun sauƙi. Abin da kowa ke gaya maka ke nan, cewa karaya ce an ɗaure, saboda zuciyarka. Na auna zuciyarka da matakalar nan, na ga ba zan iya rufa maka ba. Ba karaya ba ce. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma naman ya riga ya mutu. Ranar Alhamis suka yanke hannun, na dama, daga saman gwiwar hannu.

Wassalam,
Yayanka